Mata da Mumbari: Me Ya Raba Kan Majami'u?

Duk wanda ya leƙa majami'a a Jos ko Kafanchan ranar Lahadi zai tarar bencin mata ya fi cika. 'Yan Zumuntar Mata, da ankonsu da tulun kiɗansu, su ke tada waƙa, su ke zuwa gaida marasa lafiya, su ke ɗora tukunya a gidan makoki. Amma da an zo ba da Jibin Ubangiji, a yawancin manyan ɗarikun Arewa namiji ne ke tsayawa a gaba.

Tushen saɓanin yana cikin wasiƙun Manzo Bulus. A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Timoti, sura ta 2, ya hana mace koyarwa ko yin iko da namiji. Shi ɗin ne kuma ya faɗa wa Galatiyawa cewa namiji da mace ɗaya suke cikin Almasihu, ya kuma yaba wa wata Fibi, mai hidimar ikkilisiya, a Romawa sura ta 16. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna Bilkisu da mijinta Akila suna ƙara wa mai wa'azi Afolos ilimi, har ma sunanta ke zuwa kafin na mijin a wurare da dama. Kar a manta, Maryamu Magadaliya ce ta fara kai wa almajirai labarin tashin Yesu.

To, wanne za a ɗauka? Wani ɓangare na cewa daraja ɗaya ce, aiki ne ya bambanta, kuma umarnin Bulus na har abada ne. Ɗaya ɓangaren na cewa Bulus yana gyara wata matsala ce ta birnin Afisa, inda Timoti yake, ba doka ya kafa wa duniya ba.

A 1994 Fafaroma John Paul na Biyu ya bayyana cewa cocin Katolika ba ta da ikon naɗa mata limamai, tunda maza goma sha biyu Yesu ya zaɓa. A 1994 ɗin kuma cocin Ingila ta naɗa mata limamai na farko, a 2015 ta samu bishop mace, sannan a Oktoban 2025 aka sanar da Sarah Mullally a matsayin Babbar Bishop ta Kantabari. Cocin Anglikan ta Najeriya ta ce ba ta yarda da zaɓen Mullally ba. A birnin Benin kuwa, Margaret Idahosa ta gaji shugabancin cocin mijinta bayan rasuwarsa a 1998.

A ganina gardamar naɗi ta danne wata tambayar da ta fi kusa da mu. Ko a majami'un da ba sa naɗa mace, babu ayar da ta hana a ji ra'ayinta kan yadda za a kashe baiko, ko yadda za a yi da gwauruwar da dangin miji suka ƙwace mata gona. Sau da yawa ana yanke waɗannan a majalisar dattawa, sai dai a aiko wa Zumuntar Mata sanarwa.