Faifan Ƙarfe da Kwanbata: Dalilin da Ya Sa Dole Su Dace da Injin Mota

Motar da ke sauya giya da kanta ba ta da kuloci. A madadinsa akwai wata tukunya cike da mai, mai suna kwanbata, wadda ke isar da ƙarfin injin zuwa giyabos. Abin da ke haɗa ta da injin shi ne wani siririn faifan ƙarfe mai haƙora a gefe, waɗanda sitata ke kamawa wajen tayar da mota.

Mu ɗauki misalin tsofaffin injunan Chevrolet na Amurka masu fistin takwas. Faifansu iri biyu ne: mai haƙora 153 da mai haƙora 168, kuma kowanne da irin sitatarsa. Bayan haka akwai batun daidaiton nauyi. An daidaita tsohon injin 350 daga ciki, amma injin 400, wanda ya fito a 1970, yana bukatar faifai mai ƙarin nauyi a gefe guda. Idan aka musanya su, injin zai riƙa jijjiga har boris ɗinsa su lalace. Tun daga 1986 kuma tsarin ramukan noti ya sauya, saboda haka tsohon faifai ba zai hau sabon injin ba.

Ita ma kwanbata wajibi ne ta zauna daram a cikin giyabos, ta bar tazarar kimanin milimita 3 zuwa 5 tsakaninta da faifai kafin a ɗaure. In babu wannan tazara, famfon mai na giyabos zai fashe. Don haka, a ƙirga haƙora, a auna tazara, sannan a ɗaure noti.