Ƙididdigar Mace-macen Annobar Korona da Matsalar Hausawan Kurmi

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda masana ƙididdiga suke auna dalilan da ke ƙara yawan mace-mace a lokacin annoba, sannan ta nuna wani giɓi da ke fitowa idan aka ɗora awon a kan Hausawa mazauna Kurmi, irin na Mile 3 a Fatakwal da takwarorinsu na Anacha da Inugu.

2.0 Yadda Ake Awon

Manazarci yakan tattara bayanan waɗanda suka kamu, kamar shekaru da jinsi da hawan jini da ciwon sukari da jinkirin zuwa asibiti. Daga nan sai ya zuba su cikin tsarin lissafi mai ware nauyin kowane dalili shi kaɗai, tamkar a kwatanta mutum biyu da suka yi daidai a komai in ban da abu guda. Wannan warewa wajibi ce domin dalilan a cakuɗe suke zuwa. Tsofaffi ne suka fi fama da hawan jini, saboda haka in ba a tsefe ba, sai a ɗora wa hawan jini alhakin tsufa. A awon da aka yi wa korona a ƙasashe da dama, tsufa ne ya yi rinjaye.

Sai dai lissafin ba ya tsayuwa sai an san adadin mamatan. Da mace-mace suka yawaita a Kano a watan Afrilun 1920 da ɗari, wato 2020, an binne akasarin mamatan ba tare da gwaji ba, kasancewar Musulmi ba ya jinkirta jana'iza. Dole aka koma ga binciken baka, ana tambayar iyalai alamomin da suka gani. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana rasuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi 8, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da cutar, kuma galibinsu sun haura shekara 65.

3.0 Matsalar Mile 3

A nan abin ya fi sarƙaƙiya. Akasarin Hausawan wannan wuri magidanta ne da samari majiya ƙarfi, 'yan kasuwa da 'yan ci-rani. Bisa al'ada, wanda tsufa ya cim masa ko ciwo ya kwantar, gida Arewa ake kai shi. Ke nan zango yakan riƙe masu lafiya, ya tura raunana inda za a lissafa mutuwarsu a Kano ko Sakkwato. Wanda ya dubi alƙaluman zango kawai zai zaci wurin yana da wata kariya, alhali mamatansa ne aka rubuta a wani littafi.

Haka kuma ƙidayar 1991 da ta 2006 ba su tambayi ƙabila ba, don haka babu tabbataccen adadin da za a raba mamatan da shi. A ganina, takardar binciken baka na bukatar ƙarin tambayoyi biyu: garin da mamaci yake sana'a, da ranar da ya baro shi.