Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ku yara na Birnin Kudu da Gwaram kun san yadda akan yi idan hadari ya taso. Kowa ya fito da bokiti da randa, a tara a bakin indararo. A gidajen da ke da rufin kwano kuwa akan ajiye tanki ko duro. Wannan dabara ce mai kyau. In rufin ɗaki ya kai mita 6 a tsawo, mita 5 a faɗi, aka yi ruwa milimita 20, abin da zai sauka a kansa lita 600 ne, watau cikin duro uku.

Amma wani lokaci sai a buɗe tanki a ji ɗoyi kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. To, ruwan da ya sauko daga sama garau, ina ya samo wari? Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Ga dalili. Tun daga kaka har bazara rufi yana tara ƙurar hunturu, da ganyen darbejiya, da kashin tantabaru da na ƙadangaru da jemagu. Ruwan fari ya share su duka, ya zuba a tanki, su kwanta a gindi su zama baƙar laka. A cikin lakar nan akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Su ke cin dattin, suna kuma shanye iskar da ke cikin ruwan. Sa'ad da iskar ta ƙare, sai waɗansu irinsu da ba su bukatarta su karɓi aikin. Su ne ke fid da iskan nan mai wari.

Akwai kuma dalili biyu. In tanki ba shi da murfi, ƙadangare ko ɓera yakan faɗa ya mutu. Hasken rana kuma yakan sa gansakuka ta tsiro, in ta mutu ta ruɓe.

Warin nan gargaɗi ne. Ƙazantar da ta kawo shi tana iya kawo ƙwayoyin ciwon ciki da gudawa. A shekarar 2021 annobar amai da gudawa ta hallaka mutane da yawa a Arewa, har da Jihar Jigawa, ita kuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci take yaɗuwa.

To, mene ne magani? Kafin damina ta faɗi a share rufi da indararo, a sare rassan da suka rufa kan ɗaki. A bar ruwan fari ya zube ƙasa. Ko bayan haka, duk ran da aka fara ruwa a ɗan dakata rufi ya wanku tukuna, sa'an nan a tara. A ɗaura raga mai ƙananan idanu a bakin tanki, a rufe shi ruf, don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Ko wace shekara a zubar da sauran ruwa, a kwashe laka, a goge cikin tankin da buroshi da ruwan kulorin, a ɗauraye sosai.

In an sami mushe a ciki, ruwan nan ba na sha ba ne, sai a ba shuke-shuke. Ruwan sha kuwa a tafasa shi, ko a sa masa kulorin yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Alam yana kwantar da laka kurum, ba ya kashe ƙwayoyin cuta.

Saura abu guda, ku riƙe shi da kyau. Kada yaro ya kuskura ya shiga tanki mai zurfi. Iskan nan mai wari ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, saboda haka a ƙasa yake taruwa, yana kuwa iya sumar da babban mutum, har ya kashe shi. Wankin babban tanki aikin manya ne, su ma sai sun buɗe shi ya sha iska, da wani tsaye a waje.

Yau in kun koma gida, ku duba ma'ajin ruwanku. Yana da murfi? Yaushe aka wanke shi? Abin da kuka gani ku gaya wa iyayenku cikin ladabi, gobe kuma ku faɗa wa malam.