Da Me Ake Rubuta Kundin Tsarin Wasa?

A Titin Gidan Zoo, daf da Gyadi-Gyadi, inda ofisoshin 'yan Kannywood suka yi cincirindo, akan fita ɗaukar fim da rubutaccen labari a hannu. Masu ƙirƙirar wasannin bidiyo ma suna da nasu kundin. A ciki ake fayyace yadda za a buga wasa, abin da ke kawo ci, abin da ke kawo faɗuwa, da aikin kowane maɓalli.

A ce wani matashi a Tarauni yana so ya mayar da dara wasan waya. Ya san gurabe 30 ne, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku kuma ya ci ɗan abokin karawarsa. To idan mutum ya jera huɗu fa? A gindin bishiya 'yan dara kan yi gardama su sasanta. Waya kuwa ba ta san sasanci ba, dole a yanke hukunci ɗaya a rubuta shi tun kafin a fara haɗa manhajar.

Farkon abin da zai nema bai fi littafin lissafi mai gida-gida da fensir ba. Kada a raina su. A kan irin wannan takarda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka na kamfanin Nintendo suka zana filayen Super Mario Bros., wanda ya fito a 1985, sannan suka miƙa wa masu shigarwa a na'ura.

In aiki ya zama na mutum uku ko huɗu, sai a koma kwamfuta. Google Docs yana ba kowa damar gyara takarda ɗaya daga wayarsa, amma yana cin data. Word bai damu da intanet ba, sai dai kafin mako ya zagayo kowa na riƙe da kwafinsa daban. Lissafin maki da matakai aikin Excel ne. Wasan da labarinsa ke rassa, inda zaɓin ɗan wasa ke sauya ƙarshe, Twine ya fi dacewa da shi, manhaja ce ta kyauta tun 2009.

Kaurin kundi ba abin alfahari ba ne. A 1992 Tom Hall ya rubuta wa wasan Doom kundi guda, da labari da taurari da tarihinsu. Abokan aikinsa a id Software suka watsar da mafi yawansa, shi kuma ya bar kamfanin kafin wasan ya fito a Disambar 1993.

Ga masu darar Tarauni, inda wuta ke zuwa ta tafi, shafi biyar da kowa ya karanta a wayarsa sun wadatar, littafin lissafin kuma ya zauna a aljihu.