Shin Dole Ne Baƙo Ya Koyi Yaren Ƙasar Da Ya Sauka?

Wannan tambaya ta fi tashi a Turai, inda ake ta muhawara kan 'yan ci-rani. A Jamus, baƙon da ke neman zama ɗan ƙasa sai ya nuna ya iya Jamusanci, har gwamnati na shirya wa baƙi aji na awa 600. Ingila ma tana gwada Turancin mai neman zaman dindindin. To amma mu 'yan masarautar Gumel ba sai mun je nesa ba, amsar tana ƙofar gidanmu.

Abu na farko da za a gane shi ne, "yaren ƙasa" a wajenmu kashi biyu ne: na kasuwa da na takarda. Ka leƙa kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mutumin Dungas ko Damagaram da ya koro shanu daga Nijar baƙo ne a doka, amma ba ya neman tafinta, don Hausa ce yarensa. Matsalarsa tana farawa ne idan aka miƙo masa fom na Turanci a ofis ko a banki, domin in ya yi boko, da Faransanci ya yi. Shi kuwa ɗan kasuwar da ya zo daga Anaca ko Legas sayen raguna, ɗan ƙasa ne, yana da Turanci, amma in ba ya jin Hausa sai abin da dillali ya ga damar fassara masa. Ka ga kenan kowanne da inda ake iya cutarsa.

Shi ya sa nake ganin koyon yare kariya ce ga baƙon kansa kafin ta zama ladabi ga mai masauki. Wanda ba ya jin yare ba zai iya gaya wa likita inda ke masa ciwo ba, ba zai kare kansa a gaban alƙali ba, kuma zai dangwala hannu a takardar da bai san me ta ƙunsa ba. 'Yan'uwanmu masu tafiya aikatau Saudiyya ko Libiya ba Larabci a baki sun san wannan.

Sai dai akwai ɗaya gefen. Mangawa ne suka kafa masarautar Gumel wajajen 1750, kuma yarensu reshe ne na Barbarci. Zama cikin Hausawa ya sa suka rungumi Hausa, har ta kai yau a Gumel, Gagarawa ko Sule Tankarkar da wuya ka samu matashin da zai iya hira da Manganci. Abin da ya rage sai 'yan kalmomi irin su bulama. Sun samu shiga, amma sun yi asarar gado.

Kuma ba dole ne a yi wannan asara ba. Hausawan Mai Wurno a Sudan, zuriyar waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, sun koyi Larabci kuma Hausa na nan a gidajensu. Haka mutanen zango a Kumasi: Tiwi a kasuwa, Hausa a gida.

Saboda haka amsar ita ce e, baƙo ya koya, amma ƙari zai yi, ba musanya ba. Mu ma masu masauki da namu aikin. A nan makaranta, ɗalibin da ya zo daga Binuwai ko Kogi ya ce "ina kwana" a karkace, sai mu fashe da dariya, gobe kuma mu ce yana da girman kai don ya daina gwadawa. Ai ba a koyon yare da kunya.

Da yawanmu za mu bar gida bayan difloma, wasu Kudu, wasu ƙetare. Can mu ne baƙin. Duk inda ka sauka, fara da gaisuwa, ƙirga kuɗi da neman taimako. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, sauran zai biyo baya.