Dungeons & Dragons: ranar da jarumin kirki zai karya doka

Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka a 1974. Ƴan wasa kan zauna kewaye da tebur, kowa da jarumin da yake wakilta, jagoran wasa kuma yana jan tatsuniyar.

A 1978 littafin dokoki ya kasa halayen jarumai gida 9: kirki ko mugunta, bin doka ko bijire mata, da tsaka-tsaki ta kowane ɓangare. Wanda ya fi shan wuya shi ne paladin, mayaƙin da dole ya haɗa kirki da bin doka. In ya aikata mugunta da gangan, baiwarsa ta tafi har abada.

To, idan azzalumin sarki ya kulle marar laifi fa? In paladin ya fasa gidan kaso ya taka doka, in ya zuba ido ina kirkin? Hukunci na hannun jagora, kuma jagoran da ya san aikinsa yakan sassauta, domin hukunta mai ceton rai ɓata wasa ne kawai.

A bugu na 5, na 2014, babu wannan sharaɗi. Yanzu rantsuwar da paladin ya ɗauka ce ke ɗaure shi.