Yadda za ku samu tumatir a garkar gida har cikin bazara

Kun san halin kasuwar tumatir a ƙasarmu. A watannin Janairu da Fabrairu tumatir yana cika kasuwa, har wani ya ruɓe cikin kwando. Idan bazara ta shigo sai ya yi wuya, kuɗinsa ya hau, uwargida ta koma ga kauɗa ko tumatirin gwangwani. Amma mai ƴar garka a gida yana iya cin ɗanyen tumatir har cikin watan Afrilu, idan ya san lokacin shuka, kuma ya kare shukarsa daga rana.

Me ya sa tumatir ba ya son bazara?

Tumatir ya fi jin daɗi idan zafi yana tsakanin digiri 20 da 27. Idan zafin rana ya wuce digiri 35, kuma dare bai yi sanyi ba, garin nan mai laushi da ke cikin fure yana lalacewa. Sai furen ya bushe ya zube, bai zama ɗa ba. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, zafin rana yana kai digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Shi ya sa za ku ga tumatir ya yi ganye shar, ya yi fure, amma babu ƴaƴa. Wasu suna ƙara taki, suna zaton yunwa ce ke damunsa. Taki ba ya maganin wannan.

Ƴaƴan da suka riga suka kama kafin zafi, su kam suna ci gaba da girma har su nuna. Saboda haka abin da ake bukata shi ne furen ya zo a lokacin da dare yake da sauran sanyi.

Lissafin lokacin shuka

Tumatir yana yin kwana 25 zuwa 30 a wurin reno. Bayan dashe, yana fara fure cikin wata ɗaya ko fiye da haka kaɗan. Ana fara tsinka bayan kwana 60 zuwa 80 da dashe.

Idan kun shuka a tsakiyar Disamba, za ku dasa a tsakiyar Janairu. Fure zai zo a Fabrairu, ku tsinka daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Idan kuwa kuka bari sai Fabrairu, furen zai faɗa cikin zafin Afrilu, wahalarku ta ban ruwa ta tafi a banza.

Ya fi kyau ku raba shukar kashi uku: ɗaya a Oktoba, ɗaya a Nuwamba, ɗaya a Disamba. Ta haka tumatir ba zai nuna muku gaba ɗaya ba.

Zaɓen iri

Irin Roma da Tropimech sun dace da lokacin sanyi. Don shukar ƙarshe, ku nemi iri mai jure zafi, kamar Mongal, ko Icrixina wanda cibiyar bincike ta ICRISAT ta yaɗa a Nijar. Giram ɗaya yana ɗauke da ƙwaya kusan 300, ya ishi garkar gida. Ku duba bayan takardar irin, ku karanta ranar da zai lalace. Idan an rubuta F1, kamar a takardar Mongal, kada ku ajiye ƙwayarsa don baɗi, domin ƴaƴan ba za su yi kama da uwar ba.

Reno da dashe

1. Ku gyara ɗan fangali, ku gauraya ƙasarsa da ruɓaɓɓen taki mai laushi.
2. Ku ja layuka, tsakaninsu santimetir 10 zuwa 15. Zurfin shuka kada ya wuce santimetir 1.
3. Ku rufe da ciyawa kaɗan, ku yayyafa ruwa safe da yamma. Idan ya tsiro, bayan mako ɗaya ko ƙasa da haka, ku kwashe ciyawar.
4. Idan ya yi ganye 4 ko 5, lokacin dashe ya yi. Ku dasa da yamma, ku ba shi ruwa nan take.
5. Ku bar santimetir 40 zuwa 50 tsakanin gindi da gindi, da santimetir 60 zuwa 80 tsakanin layi da layi.

Kafin dashe, ku zuba ruɓaɓɓen taki kilo 2 zuwa 3 a kowane metir ɗaya tsawo da faɗi. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Kada ku dasa tumatir a inda aka cire gauta, tattasai, barkono ko dankalin turawa. Dangi ɗaya ne, cututtukansu ma ɗaya ne. Wurin da aka yi albasa ko masara ya fi.

Kare tumatir daga zafi

Inuwa: tun daga farkon Maris, ku kafa rumfa ta karan gero ko ganyen kaba. Ku shimfiɗa karan jefi-jefi, yadda haske zai riƙa ratsawa. Inuwa mai duhu tana hana fure. Rumfar tana kuma hana rana ta ƙone fatar ƴaƴan.

Rufe ƙasa: ku shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi kewaye da gindin, amma kada su taɓa karan. Ƙasa za ta yi sanyi, ruwa ya daɗe.

Ban ruwa: ku ba da ruwa da sassafe da kuma yamma, a gindi, ba bisa ganye ba. Kada ku bar ƙasa ta bushe ƙayau yau, gobe ku cika ta da ruwa. Wannan shi ke sa ƴaƴa su tsage, ko ƙasansu ya yi baƙi ya ruɓe. Ruwan wanki mai sabulu da yawa bai dace da garka ba.

Iska: ku kewaye garkar da zana ko darni. Zai tare iska mai zafi da ƙura, ya hana awaki da kaji shiga. Ku kafa wa kowane gindi sanda, ku ɗaure shi sako-sako da tsumma, don ƴaƴan kada su kwanta a ƙasa.

Ƙwari

Ku riƙa juya ganye kuna duba bayansa sau biyu a mako. Ƙananan fararen ƙudaje suna kawo cutar da ke sa ganye ya nannaɗe, shukar ta tsumbure. Wadda ta kamu ba ta warkewa, ku tuge ta ku binne nesa. Akwai kuma ƴar tsutsa mai suna Tuta, wadda aka fara gani a Nijar a shekarar 2013. Tana shiga cikin ganye ta ci, ta bar farin tabo, tana kuma huda ƴaƴa. Ku tsinke ganyen da ta shiga ku ƙone.

Maganin da ke kusa da ku shi ne dogon yaro. Ku daka busasshiyar ƙwayarsa rabin kilo, ku jiƙa cikin ruwa litir 10, ya kwana. Ku tace, ku fesa da yamma, sau ɗaya a mako. Kada ku fesa maganin auduga, ko wanda ba shi da takarda, a kan abin da iyali za su ci. Idan abin ya fi ƙarfinku, ku nemi malamin gona na garinku.

Tsinka da ajiya

Ku tsinka da safe, lokacin da tumatirin ya fara ja. Zai ƙarasa nuna a inuwa. Don ya daɗe, ku sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ku cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi. Ku zuba tumatir cikin ƙaramar, ku rufe da jiƙaƙƙen zane, ku ajiye inda iska ke kaɗawa. Abin da ya yi yawa ku yanka, ku shanya bisa tabarma mai tsabta a kan rumfa, ya zama kauɗa.

Aiki gare ku

Ku ɗauki littafinku na rubutu, ku ja layuka huɗu. Ku rubuta sunan iri, da ranar shuka, da ranar dashe, da ranar da kuka fara tsinka. Ku kawo shi aji, ku gwada da na ƴan uwanku. Baɗi, idan Allah ya kai mu, wannan rubutu zai nuna muku irin da ya fi dacewa da garinku, da ranar da ya kamata ku shuka shi.